Izinin Neman Ma'adinai da Haƙƙin Mutanen Gari

Gabatarwa

Duk tifar tsakuwa da ake saukewa a wuraren gine-gine na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni daga wani dutse aka fasa ta, kuma dutsen nan yana kusa da gonar wani ko gidansa. Haka abin yake ga kuza da zinariya da sauran ma'adinai. Saboda haka tambayoyi biyu ne ke gaban al'umma: wane ne yake ba kamfani izinin neman ma'adinai, kuma wane matsayi mutanen gari suke da shi a cikin lamarin?

Mallakar Ma'adinai

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai, a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta Jihar Kano ta yau, suna narka kuza, fatake na kai ta kasuwanni masu nisa. Da mulkin mallaka ya kafu, sai hukuma ta mayar da ma'adinai ƙarƙashin ikonta, ta riƙa ba kamfanoni lasisi. A kan wannan turba ake har yanzu. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya danƙa dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sake tabbatar da haka. Wato manomi yana da haƙƙin amfani da gonarsa, amma abin da ke binne a ƙarƙashinta ba nasa ba ne, ba kuma na gwamnatin jiha ba.

Matakan Izini

Neman ma'adinai aiki ne na kimiyya da ake yi daki-daki. Da farko masana kan nazarci taswirar duwatsu, su ɗebi samfurin ƙasa da yashin rafi domin awo. Bayan haka sai a auna maganaɗisun duwatsu da yadda lantarki ke ratsa su. Idan alamu suka yi kyau, sai a haƙa ramuka, a kuma huda ƙasa da injin domin ciro dutse daga can ciki. Kowane mataki ya fi na bayansa taɓa ƙasa, shi ya sa doka ta kasa izini kashi-kashi. Ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja shi ne yake karɓar takardun nema, kuma wanda ya riga nema shi ake fara dubawa.

Izini na farko shi ne na zagayen dubawa, mai wa'adin shekara 1, wanda bai keɓe wa mai shi wani fili ba. Na biyu shi ne lasisin bincike, wanda yake keɓe wa kamfani fili da bai wuce murabba'in kilomita 200 ba, na tsawon shekara 3. Ana iya sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu, wato jimla shekara 7. Idan an sami ma'adini mai yawan da zai biya wahala, sai a nemi izinin haƙa, mai wa'adin shekara 25 a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 50 ba. Akwai kuma izinin ƙananan mahaƙa da na masu fasa dutse, kowanne na shekara 5.

Matsayin Mutanen Gari

Dokar 2007 ta yi wa mutanen gari tanadi a wurare da dama. Sashe na 100 ya wajabta a sanar da mai fili ko mazauninsa, a kuma sami amincewarsa kafin a ba da lasisi. In bai amince ba, ana iya ba da lasisin tare da cire filinsa daga ciki. Dokar ta hana bincike a wuraren da al'umma ke tsarkakewa, ta kuma tanadi diyya a kan amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da aka ɓata. Sashe na 116 kuwa ya ce mai izinin haƙa ko na fasa dutse ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'ummar wurin, wadda ta ƙunshi abubuwa irin su tallafin karatu, da ɗaukar 'yan gari aiki, da hanyoyi, da ruwan sha. Ana sake duba yarjejeniyar duk bayan shekara 5. Ban da wannan, dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta buƙaci a yi nazari kafin a fara manyan ayyukan haƙa.

Sai dai akwai giɓi. Yarjejeniyar raya gari tana zuwa ne a matakin haƙa, ba a matakin bincike ba, alhali tun a lokacin bincike ake sare daji, a buɗe hanyar mota, a huda ƙasa. Haka nan amincewar mai fili ɗaya ba ita ce amincewar gari ba. Makiyayin da ke bi ta burtali da matan da ke ɗiban ruwa a rafi ba su da takardar fili, amma aikin zai shafe su.

Ƙa'idojin Duniya

A shekarar 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙoƙin 'yan asalin wuri, wadda ta nemi a sami yardarsu ba tare da tilas ba, kafin a fara aiki, kuma bayan an yi musu cikakken bayani. Nijeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa jefa ƙuri'a. A Kanada, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2004, a shari'ar al'ummar Haida, cewa wajibi ne gwamnati ta tuntuɓi 'yan asalin wuri kafin ta ɗauki matakin da zai taɓa haƙƙinsu. A Afirka ta Yamma kuwa, umarnin ƙungiyar ECOWAS na 2009 ya nemi kamfanoni su sami yardar al'umma tun kafin bincike, su kuma sake nemanta a kowane mataki na gaba.

Darasin Zamfara

Muhimmancin cikakken bayani ya bayyana a Zamfara a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana niƙa shi a cikin gidaje. Ƙurar ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara suna wasa suna kai hannu baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin tsotse ta. Yara kimanin 400 ne suka rasu, garin Bagega kuwa sai a 2013 aka tsabtace shi. Ƙananan mahaƙa ne suka yi wannan aiki, ba babban kamfani ba, amma awon samfuri guda da aka bayyana wa jama'a sakamakonsa da ya nuna musu haɗarin tun da wuri.

Kammalawa

Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane. Idan kamfani ya iso gari, ya kamata dagaci da masu unguwanni su nemi ganin lasisinsa, su san irinsa da wa'adinsa da iyakokin filinsa. Kada a sa hannu a takardar amincewa sai an karanta ta da Hausa a bainar jama'a, manoma da makiyaya da mata suna wurin. A tambayi abin da awo ya nuna game da dutsen, da wanda zai cike ramuka bayan an tashi, sannan a rubuta amsoshin a ajiye.