Dell Precision M6800: Tsohuwar Laftof Mai Babban Allo, Ta Cancanci Kuɗinka?

Idan allon waya ya yi maka kaɗan wajen koyon kodin ko haɗa bidiyo, ga wata tsohuwar laftof da ake samu cikin kwamfutocin hannu: Dell Precision M6800, wadda ta fito a 2013.

Allonta inci 17.3 ne. Akwai mai 1600x900, akwai mai 1920x1080. Nemi na biyun, don ka buɗe shafuka biyu gefe da gefe rubutu bai dushe ba. Wadda ke ɗauke da Core i7-4800MQ tana da gurbin RAM guda 4, tana karɓar har 32GB na DDR3L. Ka cire tsohon hadis ka sa SSD, za ka ga bambancin sauri nan take.

Sai dai fa tana da nauyi, ta haura kilo 3.5, kuma cajarta wat 240 ce. Mai ƙaramar sola a Garu ya yi lissafi tukuna, don za ta iya shanye masa batir. Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu kuma na toshe fankokinta, sai ana sharewa.

Windows 11 bai amince da furosesarta ba, Microsoft kuma ta daina tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ga mai kodin, Linux Mint mafita ce.

Idan ta Konni aka shigo da ita, duba madannanta: na Faransa AZERTY ne, ba QWERTY da ka saba da shi ba. Kada ka biya sai ka zare caja ka ga batirinta ya riƙe.