Haɗa waƙoƙi a kaset

Haɗa waƙoƙi a kaset al'ada ce, kuma sana'a ce, ta zaɓo waƙoƙi ko wa'azi ko karatu daga wurare daban-daban a jera su a kan kaset guda ɗaya, domin a saurara a rediyo mai kaset, wadda Hausawa suka fi sani da rikoda. Al'adar ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 2000, lokacin da faifan CD, daga baya kuma katin memori da wayar hannu, suka karɓe kasuwa. A ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna, inda ƙauyuka da yawa suka daɗe ba wutar lantarki, rikoda mai batir ce ta fara bai wa talaka damar jin abin da ya zaɓa a lokacin da ya ga dama. A Turai da Amurka yawanci matashi ne ke haɗa kaset ɗinsa a ɗaki. A wannan yanki kuwa mafi yawan aikin mai sayar da kaset ne ke yinsa a kasuwa, mai saye ya faɗi abin da yake so.

Asalin kaset da rikoda

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a shekarar 1963, a wani baje-kolin kayan rediyo a birnin Berlin na Jamus. Injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021, shi ya jagoranci waɗanda suka ƙera shi. Philips ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da fasalin ba tare da biyan ladan ƙirƙira ba, abin da ya sa kaset ɗin kowane kamfani yake shiga rikodar kowane kamfani. A 1966 Philips ya haɗa rediyo da na'urar kaset a akwati ɗaya mai mariƙi, sannan kamfanonin Japan irin su Sharp, Sanyo, JVC, Sony da National Panasonic suka mamaye kasuwar da manyan rikodoji masu lasifika biyu. Ƙaramar Walkman ta Sony, mai abin toshe kunne, ta fito a 1979, amma ba ta samu shiga ƙauyukan Hausa kamar rikoda ba. Saurare a nan abu ne na taro, a zaure, a dandali, a teburin mai shayi.

A cikin kaset akwai siririn zare na roba mai faɗin milimita 3.81, an shafe shi da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. Zaren yana wucewa ta kan wani ɗan ƙarfe da ake kira kai, da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa guda. Kaset mai lamba C60 yana ɗaukar minti 30 a kowace fuska, zarensa kuma ya kai kimanin mita 86. C90 yana ɗaukar minti 45 a kowace fuska, C120 kuma awa guda, sai dai zarensa ya fi siranta, ya fi saurin tsinkewa ko naɗewa a cikin na'ura.

Shigowarsa yankin

Kafin kaset, mai son jin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo sai ya je inda suke wasa, ko ya jira gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya sako su, ko kuma ya mallaki garmaho da faifansa, abin da ba kowa ke da halinsa ba. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji na 1974 sun cika kasuwanni da kayan laturoni. Alhazai ma sun riƙa dawowa da rikoda a cikin tsarabar Makka. Manomi bai ci Udoji ba, shi lokacin sayen rikodarsa bayan kaka ne, in an sayar da masara, barkono, rake ko mazarƙwaila.

Yankin yana tsakanin Zariya da iyakar Jihar Kano, saboda haka ta ɓangarori biyu kaya ke shigo masa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ita ce babbar cibiyar gurza kaset da sarinsa a Arewa, kamar yadda masanin al'adu Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008. Daga can da kuma Sabon Garin Zariya ƙananan 'yan kasuwa ke saro kaya su baza a kasuwannin mako na Makarfi, Ikara da Hunkuyi, hedikwatar Kudan, da tashoshin mota irin su Tashar Yari da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano. Ba a neman rumfar mai kaset a kasuwa, ƙarar lasifikarsa ce ke nuna inda yake.

Yadda ake haɗawa

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗauka daga rediyo. Mutum ya sa kaset ɗin da ba komai a kansa, ya danna maɓallin ɗauka da na dakatarwa, ya jira shiri irin Zaɓi Sonka ko wasan Samanja, da an fara ya saki. Matsalarta muryar mai gabatarwa da gaishe-gaishe su kan hau kan farkon waƙa. Wasu kuma su kan kara rikoda biyu baki da baki, sai ga carar zakara ko kukan yaro sun shiga cikin waƙar har abada.

Mai sana'a yana aiki ne da rikoda mai baki biyu, ko na'urori da dama da aka jona da waya. Yana da tarin kaset na asali da ba ya sayarwa, waɗanda su ne jarinsa. Mai saye zai lissafa abin da yake so, da baki ko a takarda, ya zaɓi kaset ɗin da aljihunsa zai iya, TDK, Maxell ko Sony in da hali, ko mai araha marar suna, sannan ya dawo da yamma ko a kasuwa mai zuwa. Ba a iya tsallaka lokaci a wannan aiki. Cika C60 a gudun da aka saba yana cin awa guda. Akwai na'urori masu ɗauka da ninkin gudu, amma sautin yana raguwa.

Babban ƙalubalen shi ne lissafin lokaci. Waƙoƙin makaɗan baka ba su da tsawo tsayayye, wata ta kan haura minti 10, don haka fuska mai minti 30 ba ta ɗaukar fiye da uku ko huɗu. Abin da ke taimakon mai haɗawa shi ne tsarin waƙar kanta. Jagora yana kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su mayar da gindi, a sake wani ɗan. Wanda ya san aikinsa zai yanke ne daidai inda amshi ya sauka, mai sauraro ba zai ji an tauye komai ba. Wanda bai ƙware ba kuwa zare ne ke ƙare masa a tsakiyar kalma. Haka nan a farkon kowace fuska akwai ɗan farin zare da ba ya ɗaukar sauti na 'yan daƙiƙoƙi. In ba a murza shi ya wuce ba, mabuɗin waƙar ya tafi. Wannan na daga cikin dalilan da ɗalibin adabi zai tara kaset uku na waƙa ɗaya ya tarar da tsawo uku daban-daban.

Jeri ma yana da ladabinsa. Ba a cika gwama karatun Alƙur'ani ko wa'azi da kiɗa a kaset guda ba. Direban mota yana son abin da zai hana shi gyangyaɗi, kaset ɗin gidan biki kuma ba ya son dogon shiru tsakanin waƙa da waƙa. In an gama sai a ɓalle 'yan ƙananan marafai biyu da ke saman kaset, domin kada wani ya danna ɗauka bisa kuskure ya goge. Mai son sake ɗauka a kansa sai ya toshe ramin da takarda ko salatif.

Batir da gyara

Babbar rikoda tana cin manyan batura shida zuwa takwas, irin Tiger Head, kuma juya kaset ya fi kama tasha cin batir nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake zura biro a ramin kaset a wulwula da hannu maimakon a bar na'ura ta mayar da shi baya. Masu rumfa da masu shayi kan jona batirin mota. Batir in ya yi sanyi injin yana rage gudu, murya ta yi kauri tana jan ƙafa. In kuma da irin wannan batir aka ɗauka, ranar da aka sa sabo sai mawaƙin ya koma kamar yaro yana sauri. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne maganar ba ta rikicewa, domin karin sautin Hausa da tsawon wasali ana gane su ne ta gwada gaɓa da maƙwabciyarta, kuma sauyin gudu yana taɓa su duka daidai wa daida.

Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne manyan abokan gabar kaset. Ana goge kan na'ura da auduga da sifirit, wasu har da turare. Zare in ya tsinke ana liƙe shi da salatif ko jan farce, a yi asarar kalma ɗaya ko biyu a ci gaba.

Abubuwan da ake ɗauka

Waƙoƙin Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Haruna Uji, Barmani Choge da Hassan Wayam, wanda ya zauna a Zariya, suna cikin abin da aka fi nema, tare da waƙoƙin finafinan Indiya. Daga waɗannan ne masu bandiri a Kano suka riƙa aron kari suna ɗora yabon Annabi (SAW). A ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa, irin na fim ɗin Sangaya, suka cika rumfuna.

Wa'azi ya yi kafaɗa da kiɗa a wannan kasuwa. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na masallacin Sultan Bello da na Sheikh Ɗahiru Bauchi ana ɗaukar su daga rediyo a jera da lamba, kwana bayan kwana na azumi. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawara tsakaninta da 'yan ɗariƙa ta yaɗu sosai ta kaset, raddi yana bin raddi. Matan da ke cikin kulle sun samu karatu ta wannan hanya ba tare da sun fita ba. An kuma yi amfani da kaset a matsayin wasiƙa. Ɗan ci-rani a Legas ko mazaunin Saudiyya da bai iya rubutu ba ya kan ɗauki muryarsa ya ba matafiyi ya kai gida, samari kuma su aika wa 'yan mata kalamai haɗe da waƙa.

Kalmomi

Kaset da rikoda aro ne daga Ingilishi. Jam'in kaset bai tsaya wuri ɗaya ba, ana jin kaset-kaset, ana kuma jin kasakasai, inda aka tanƙwara baƙuwar kalma ta bi tsarin jam'in Hausa. Sauran kalmomin na gida ne aka faɗaɗa ma'anarsu: zare, kai, ɗauka, gogewa, da cewa rikoda ta tauna kaset. Faifai ya fi kowace kalma doguwar tafiya. Asalinsa marfin ƙwarya da ake saƙawa, ya koma faifan garmaho saboda kamanni, ya wuce zuwa CD, yau kuma ana cewa faifan bidiyo ga abin da ke cikin waya, wanda ba shi da siffa ko kaɗan.

Haƙƙin mallaka

Kusan duk wannan kwafi an yi shi ne ba da izinin mawaƙi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta haramta shi, amma ba ta kai ga rumfunan ƙauye ba. Satar fasaha da taɓarɓarewar tattalin arziki na cikin abin da ya sa kamfanonin faifai irin su EMI da PolyGram suka janye daga Najeriya wajajen 1990. Makaɗan baka ba su ji zafin kamar mawaƙan kudu ba, domin abincinsu yana fitowa ne daga kyautar iyayen gida da wasan biki, kaset kuwa ƙara musu suna yake yi. Waɗanda suka fi cutuwa su ne masu shirya finafinai, da suka zuba kuɗi a situdiyo, da kuma iyalan mawaƙan da suka rasu.

Bayan zuwan memori

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Cikin 'yan shekaru katin memori da ƙananan rediyoyin Sin masu cin memori suka maye gurbin rikoda. Sana'ar ba ta mutu ba, ta sauya kayan aiki ne: mai tura waƙoƙi da kwamfuta a bakin tasha yana karɓar jerin buƙatun mai saye kamar yadda mai kaset ya yi, sai dai ɗaruruwan waƙoƙi ake turawa cikin mintuna, ba a kuma damu da jeri ba. Sony ya daina ƙera Walkman mai kaset a Japan a 2010, ko da yake a Birtaniya masu sha'awa sun farfaɗo da kasuwar, har aka sayar da kimanin kaset 195,000 a 2022.

Masu riƙe da rikoda a yankin yanzu yawanci dattawa ne, kuma hujjojinsu ba na ƙauyanci ba ne. Maɓallan rikoda ba sa buƙatar karatu. Kaset yana tsayawa inda aka bar shi, gobe a ɗora tafsiri daga nan. In ya tsinke a liƙe, memori kuwa in ya lalace gaba ɗaya yake tafiya. Sai dai sabon kaset da kayan gyara sun yi wuya, masu gyaran ma sun koma waya.

Abin da ya fi damun manazarta shi ne kaset ɗin da ba su da kwafi: wasan makaɗin ƙauye a gidan biki, kiɗan noma, karatun malamin zaure, wasiƙar murya. Zare yana rasa maganaɗisunsa da shekaru, yana kuma yin fumfuna in ya ji laima. Ayyuka irin su Diwanin Waƙoƙin Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun adana matanin waƙoƙi masu yawa a rubuce, amma rubutu ba ya riƙe kiɗa da murya. Mayar da kaset zuwa kwamfuta yana buƙatar rikoda mai lafiya, wayar jona sauti, da manhajar ɗauka irin Audacity, wadda kyauta ce. Kowane C90 kuma sai an zauna masa awa ɗaya da rabi.