Yunwar yara: Yadda bankunan abinci ke aiki da iyakar abin da za su iya

Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan biyu na fama da tamowa mai tsanani a ƙasar.

Yunwar yaro ba ta tsaya ga rashin cika ciki ba. Yaro na iya ƙoshi da tuwo ko garin rogo kullum, amma jikinsa ya rasa abin da wake, ƙwai, kifi da ganye ke bayarwa. Likitoci sun fi damuwa da kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, domin ɓarnar da rashin abinci mai gina jiki ke yi wa ƙwaƙwalwa a wannan tsakani da wuya ta gyaru daga baya.

A gefe guda kuma, abinci na lalacewa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake samarwa a duniya ba ya isa bakin kowa. Duk wanda ya ga kwandunan tumatir da suka ruɓe kafin su kai kasuwar Mile 12 a Legas ya san wannan asara. Tsakanin waɗannan matsaloli biyu ne bankin abinci ke shiga.

An kafa na farko a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka a 1967. John van Hengel, wanda ke aikin sa-kai a wani gidan ciyar da mabuƙata, ya haɗu da wata uwa da ke ciyar da 'ya'yanta da abin da kantuna suka zubar. Ita ce ta ba da shawarar a samar da wurin da masu rara za su ajiye, mabuƙata su ɗiba, kamar yadda ake yi da kuɗi a banki. Daga nan sunan ya samo asali.

Aikin dai na tara ne da tantancewa. Bankin na karɓar kaya daga kamfanoni, manoma, kantuna da ɗaiɗaikun mutane, ya duba ranar ƙarewar wa'adinsu, ya adana su a sito, sannan ya raba ta hannun makarantu, asibitoci da ƙungiyoyin unguwa da suka san gidajen da tukunya ba ta hawa murhu. Faransa ta ƙara gaba a 2016, inda ta kafa dokar da ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba, ta kuma wajabta musu bayar da shi.

A Najeriya, wanda ya fi fice shi ne Lagos Food Bank Initiative, wanda lauya Michael Sunbola ya kafa. Yana ciyar da ɗalibai a makarantun unguwannin talakawa, yana tallafa wa masu juna biyu da yaran da suka rame, yana kuma koya wa mata noman bayan gida. Tsarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya san rumbun tsimi da zakkar fidda kai. A ƙauyukan Nijar ma akwai bankunan cimaka, sai dai su sayar da hatsi suke yi da rangwame a lokacin da rumbuna suka ƙare, ba kyauta ba.

Amma buhun shinkafa ba ya warkar da yaron da tamowa ta kayar. Idan ma'aikacin lafiya ya auna dantsen yaro ya ga bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa sun kumbura, asibiti ya kamata a nufa, inda ake ba da haɗin gyaɗa, madara, sukari da mai da aka tanada musamman. Haka kuma bankunan sun dogara ne ga kyauta, kuma lokacin da farashi ya tashi, masu bayarwa kan ragu daidai lokacin da layin masu karɓa ke ƙara tsawo. Yawancinsu a birane suke, alhali tsumburewar yara ta fi tsanani a ƙauyukan Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas.