Ijazar Mai Koyar da Hawan Dutse a Birtaniya

A ƙasar Birtaniya, inda jama'a da dama suka mai da hawan duwatsu masu miƙewa tsaye abin nishaɗinsu a ranakun hutu, mutum yakan yi shekaru yana hawa tare da abokansa har gwanintarsa ta shahara, amma ranar da ya yi niyyar ɗaura wa ɗan wani igiya ya ce masa ya hau, to, ya shiga wani babi dabam, domin ran da ke rataye a igiyar nan amana ce aka damƙa masa. Saboda haka hukumar da ke kula da wannan fanni, wadda ake kira Mountain Training, ta kafa sharuɗɗan da mai sha'awa zai cika kafin ta ba shi ijazar koyarwa.

Tun a 1964 aka fara ba da shaidar jagorancin matasa a tsaunuka, kuma iftila'in da ya auku a tudun Cairngorm na Sikotilan a watan Nuwamba na 1971, lokacin da ƙanƙara ta halaka 'yan makaranta biyar da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu, ya sa aka ƙara tsananta bincike a kan wanda za a bai wa yara. Wannan shaida ta koyar da hawan dutse kuwa sai a 1992 ta fito.

Sharaɗi na farko shi ne ɗalibi ya kai shekara 18, ya kuma nuna a littafin da yake rubuta hawansa cewa ya ja gaba sau 15 a dutse na ainihi, watau shi ne ya fara hawa da igiya a bayansa, yana cusa ƙananan ƙarafa a tsagogin dutse yana maƙala igiyar, ta yadda in ƙafarsa ta zame su ne za su tare shi. Bayan haka sai horo na kwana 3, a wurin malaman da hukumar ta amince da su ko a cibiya irin Plas y Brenin da ke Wales, wadda aka buɗe a 1955. A nan ake karanta masa ƙulle-ƙullen igiya, da yadda ake kafa maɗauri a saman dutse a wuri fiye da ɗaya don in ɗaya ya ci amana ɗayan ya riƙe, da duba ɗamara da hular kwano a jikin kowa, da ladubban wurin, kamar kiyaye haƙƙin mai ƙasa da barin tsuntsaye a lokacin da suke kwanci.

Amma a ganina ruhin wannan tarbiyya yana cikin watannin da ke tsakanin horo da jarrabawa, domin a nan ne ake buƙatar ɗalibi ya kai hawansa na jan gaba zuwa 40, ya koyi taimakon gaggawa na awa 16, ya kuma tsaya a gefen ƙwararren malami har sau 20 yana taimaka masa, kamar yadda almajiri kan lazimci shehinsa kafin a yi masa izinin karantarwa. A wannan tsayuwa ce yake sanin abin da littafi ba ya faɗa: yaron da tsoro ya sandarar a tsakiyar dutse ya ƙi hawa ya ƙi sauka, da yarinyar da kitsonta ya shige ƙarfen sauka, da rigimammen da ke zarya a bakin gaɓa ba igiya. Gwani yakan manta da firgicin ranarsa ta farko, shi ya sa wani lokaci mai matsakaicin hawa amma mai haƙuri da lura ya fi shi dacewa da aikin.

Jarrabawar ta kwana 2 ce, kuma hukuncinta iri uku ne: ko a ci, ko a jinkirta wa mutum har ya gyara inda ya gaza, ko a kayar da shi. Wanda ya ci ma an yi masa haddi, gama ijazarsa ta tsaya ga dutsen da igiya ɗaya ke gamawa, wanda ake iya isa gindinsa da samansa ba tare da hatsari ba, kuma ruwan teku ba ya cikowa ya tare hanyarsa. Koya wa wani jan gaba, ko kai mutane dogon dutse mai zango-zango, wannan sai mai shaida ta sama.

Dokar Birtaniya ba ta wajabta wannan takarda ga mai koyar da manya ba, sai dai tun bayan wata doka ta 1995 cibiyoyin da ke karɓar kuɗi su kai 'yan ƙasa da shekara 18 hawan dutse dole su nemi lasisi, masu ba da lasisin kuwa sukan binciki cancantar malamansu. Faransa ta fi haka tsanani, domin a can laifi ne mutum ya karɓi lada a kan koyar da hawa alhali ba shi da shaidar da gwamnati ta yarda da ita.