Fuka a Gombe: Maganin da Iyaye Ke Tsoro

Da zarar hunturu ya kankama a Gombe, hazo ya lulluɓe gari tun daga Pantami har Jekadafari, akwai gidajen da barci ke ƙaurace wa. Yaro ya kwana yana tari, ƙirjinsa na kuka kamar na kyanwa. Gari na wayewa sai a ce sanyi ne, a aika kemis a sayo maganin tari. Baɗi ma haka.

Sau da yawa fuka ce, wato asma. Hanyoyin iska na cikin huhu ne ke kumbura su tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, ta kuma kashe 455,000, akasari a ƙasashe marasa ƙarfi. Ƙura na tayar da ita, haka hayaƙin itace, igiyar leƙo, sigarin maigida, har da turaren wutan da uwargida ba ta son a taɓa mata.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne inhela. Likita na rubuta ta sai ka ji kaka ta ce, "A'a, in ya saba ba ya rabuwa da ita." Wannan magana ba ta da tushe. Maganin shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, saboda haka ɗan kaɗan ake buƙata, ba kamar ƙwaya ko sirof da ke zaga jiki duka ba. Kuma iri biyu ne. Shuɗiyar nan, Ventolin, buɗe ƙirji take yi idan ciwo ya taso, cikin mintuna. Ɗayar, mai hana kumburi, kullum ake shaƙarta ko da yaro na ƙwallo garau. Uwar da ba a yi wa wannan bayani ba, tana ganin sauƙi za ta jefa ta biyun a kwaba, ciwo ya dawo, a ce maganin asibiti bai karɓe shi ba. Ni dai ban ga laifinta ba. Wanda ya miƙa mata takarda bai zaunar da ita ba, shi ya kamata a tambaya.

Fesawar ma sai an koya. Yaro ƙarami ba ya iya haɗa fesawa da jan numfashi, maganin a maƙogwaro yake tsayawa. A 1999 likitocin yara a Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba mai rabin lita, a huda gindinta a cusa bakin inhela, yaro ya shaƙa ta bakin gorar, tana aiki daidai da mazubi mai tsada da ake sayarwa a kanti don wannan aiki. A roƙi ma'aikaciyar jinya ta gwada a gaban uwa, uwa ta maimaita a gabanta.

In kuwa yaro ya kasa ƙarasa magana, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko an fesa shuɗiyar bai sassauta ba, kada a jira asuba. A samo Keke Napep a nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ana ci gaba da fesa masa a hanya.