Tsohuwar Lori Sabuwar Saye: Abin Da Za A Duba Kafin Ta Hau Hanya

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, saboda yawancin lorin da ƙungiyoyin manoma da na ci gaban gari ke saye a gundumomi ba sababbi ba ne. Kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin jama'a. Saboda haka sai a yi karo-karo, a aika Kano ko Kaduna ko Ikko a sayo wadda ta riga ta yi shekaru tana aiki a ƙasashen waje. Ran da ta iso, a ƙofar hakimi a ke fara tsai da ita ya sa mata albarka. Kashegari kuwa sai a labta mata buhuna, masu buhunan su hau bisa, ta nufi kasuwa. Wannan gaggawa ita ce mu ke roƙon hakimai su hana, har sai an ba motar mako guda a hannun makanike.

Da fari, kada a gaskata agogon da ke ƙidaya nisan tafiyarta. Mai da shi baya ba shi da wuya, kuma dillalai sun san haka. Wanda ya saba sayen doki ba ya tambayar dillali shekarunsa, bakinsa ya ke buɗewa ya dubi haƙora. To, mota ma tana da nata haƙoran. A dubi robar da direba ke takawa in zai ja birki, da kujerarsa, da inda hannu ke kamawa a jikin sitiyari. In duk sun suɗe, amma agogo ya ce kilomita 90,000 kaɗai ta yi, ƙarya ce. Abin da ya fi shi ne a ɗauka ba a taɓa yi mata kome ba. A juye baƙin mai, da man giya, da na bayan mota, da ruwan lagireto, a zuba sababbi. A sake matatun mai da ta iska, a dubi birki ƙafa huɗu. Wannan duk sananne ne ga kowane makanike, ba sai mun tsawaita ba.

Inda mu ke so a tsaya a natsu shi ne sitiyari. Inji in ya lalace, mota tsayawa ta ke yi, a sauka a jira. Sitiyari kuwa shi ne linzami, in ya tsinke ana cikin gudu, babu sauran dabara. Ga shi kuma ba ya lalacewa rana ɗaya, a hankali ya ke sakewa, har direba ya saba da shi, ya riƙa cewa halin motar ke nan.

Gwajin farko ba ya bukatar kayan aiki, malamin hakimi ma ya iya yinsa. A tsai da motar a wuri mai lebur, tayoyin gaba suna kallon gaba sosai. In sitiyarinta mai aiki da mai ne, a ta da inji. Direba ya juya sitiyari a hankali dama da hagu, wani ya tsaya a ƙasa yana duban taya. Abin da a ke aunawa shi ne iyakar yadda sitiyari zai juya kafin taya ta motsa. In ya wuce faɗin yatsa uku, watau misalin santimita 5, lalle akwai abin da ya ci, sai a nemo shi.

A nan ne a kan yi kuskure. Da yawa daga cikin masu gyara, da an ce sitiyari yana wasa, sai su tafi kai tsaye ga akwatin sitiyari su ɗaure notin da ke kansa, su karɓi kuɗinsu. Wasan ya ragu, kowa ya yi murna. Alhali kuwa sau da yawa ciwon ba a nan ya ke ba, kuma akwatin da aka ɗaure fiye da kima ya kan cije, ya ƙi komowa tsakiya bayan an sha kwana. Daga ƙasa a ke farawa, akwati shi ne na ƙarshe.

A ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da itace mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In an ji tana ƙwas-ƙwas, sai wani ya taka birki a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ɗin ƙafar ne ya saki. In bai ɓace ba, babbar ƙusar nan ce wadda ƙafar ke juyawa a kanta ta ci, ita da zobbanta, kuma wannan aiki ne na gareji mai kayan aiki sosai. Sa'an nan a sauke motar, direba ya riƙa kaɗa sitiyari, makanike ya bi sandunan da suka taso daga akwati zuwa ƙafa, da wadda ta haɗa ƙafafun biyu, watau tayarod, yana ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Gaɓar da ta yi tsalle, ko robarta ta yage ƙasa ta shiga, a fid da ita a sa sabuwa. In ta dama ta mutu, ta hagu ma tana hanya, gara a sake su tare.

Abu uku ne mu ke so hakimi ya hana da bakinsa. Kada a yi wa sandar sitiyari walda. Kada a gasa ta a wuta don a miƙe ta, gama wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, ya karye ba sanarwa. Kada kuma a sa ƙusar kafinta ko guntun waya a madadin 'yar makullin da ke hana noti kwancewa. Kayan gyara na jabu sun cika kasuwa, suna da araha ƙwarai, amma araha ba ta ado. Malami ya karɓi rasit, ya kuma ce a kawo masa tsofaffin da aka cire ya gani da idonsa.

Akwai wata matsala dabam. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyari ya koma hagu. Amma a Ingila da Japan ta hagu a ke bi, motocinsu sitiyari a dama ya ke. A kan shigo da irinsu, a ciro sitiyarin a mai da shi hagu a gareji. Mai saye ya leƙa inda akwatin ke ɗaure a jikin ƙarfen motar. In ya ga sababbin huji, ko tabon walda, ko tsofaffin ramukan noti a ɗaya gefen ba kome a cikinsu, an juya ta ke nan. Shawararmu ita ce kada a sayi irin wannan da kuɗin jama'a, kome kyanta.

Ba kowane jan gefe ne laifin sitiyari ba. Taya ɗaya in iskarta ta gaza, mota za ta ja wajenta. Sifirin in ya karye, ko notocin da suka ɗaure shi suka saki, sai ka ga mota tana tafiya a karkace kamar kare. A jikin kowace taya kuma akwai lamba huɗu masu nuna lokacin da aka yi ta. In an ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Tsohuwar taya ta kan fashe ko da zanenta bai suɗe ba, kada a yarda da ita a gaba. Bayan an gama sauya kayan sitiyari, tilas a kai motar a daidaita ƙafafun gaba, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni.

Hanyoyinmu na karkara, da gargada da yashi da ramuka, suna cin mota fiye da kwaltar da ta baro. Don haka a riƙa ba gaɓoɓin gaba giris a kai a kai, da damina kuwa duk ran da ta ratsa rafi. Baƙin mai a juye shi bayan misalin kilomita 5,000 in ƙura ta yi yawa. Mai birkin iska, direba ya zubar da ruwan tankunanta kowace safiya.

Aikin malami shi ne littafi. A saya wa motar nata, a rubuta ranar saye, da abin da agogo ya nuna a ran nan, da kowane gyara, da sunan wanda ya yi, da kuɗin da aka biya. Ran ɗaya ga kowane wata a sake gwajin yatsa uku a gabansa, ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa hakimi. In wasan ya ƙaru bisa na watan jiya, hakimi ya karɓi makulli ya ajiye, ko da gobe ce kasuwa, sai makanike ya zo.