Ko Ka Sani? Shokozoba Ce Ke Riƙe Tayar Jif a Ƙasa

Ko ka san cewa ba shokozoba ce ke ɗauke da nauyin mota ba? Wannan aikin sifirin ne. Amma sifirin kaɗai, idan taya ta faɗa rami, lotsawa zai yi ya miƙe, ya sake lotsawa, motar ta yi ta tsalle. Shokozoba ce ke kashe wannan tsallen. A cikinta akwai fistin da ke tura mai ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, man ya wuce da ƙyar, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Shi ya sa idan ka taɓa ta bayan doguwar tafiya a gargada za ka ji ta da ɗumi. Shokozoba mai gas kuma an ɗura mata iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa idan aiki ya yi yawa.

Duk direban da ya taso daga Gusau ya ratse a Mayanci, ya wuce Anka da Daki Takwas ya nufi Gummi, ko ya karkata zuwa Bukkuyum, ya san abin da ƙafar mota ke sha. Balle a sauka daga kwalta a kama hanyar Bagega da damina. A irin waɗannan hanyoyi shokozoba ta wuce kayan jin daɗi. Tayar da ke tsalle rabuwa take yi da ƙasa, kuma tayar da ba ta taka ƙasa ba, birki ba ya kama ta, sitiyari ba ya juya ta. Jif kuwa doguwa ce mai nauyi, tangaɗinta a kwana ya fi na ƙaramar mota haɗari.

Ba kowace jif ce ke da ƙafar gaba iri ɗaya ba. Highlander da Lexus RX suna da samfurin da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro, wanda kamfanin Ford ya fito da shi a motocin Consul da Zephyr a Ingila a 1950. A nan shokozoba da sifirin a haɗe suke, kuma su ne ginshiƙin da ke tsayar da taya, har suna juyawa tare da sitiyari. Prado da Hilux ta 2005 zuwa yau ma sifirin na naɗe jikin shokozoba, sai dai hannaye biyu ne, sama da ƙasa, ke riƙe tayar. Ita kuwa Land Cruiser 78, wadda ƙungiyoyin agaji ke ji da ita, irin su MSF da ta shigo Anka da Bukkuyum a 2010 lokacin annobar gubar dalma, gatari guda ne ya haɗa tayoyin gabanta, shokozoba daban, sifirin daban. Lexus LX 570 tata ma ta dabam ce, da matsin mai take aiki, tana ɗaga motar tana sauke ta, kuɗinta kuma ba kama hannun yaro. Saboda haka kada ka je kasuwa sayen shokozoba da sunan mota kawai. Tafi da lambar shasi da shekarar ƙira, ka kuma tabbatar ko ta dama ce ko ta hagu, don a motoci da yawa ba sa musanya.

Yaya ake gane shokozoba ta mutu? Za ka ga mai ya jiƙe jikinta ƙura ta manne. Idan ka taka birki gaban motar ya dunƙura ƙasa. Taya ta riƙa cinyewa tabo-tabo. Ka danna gaban motar da ƙarfi ka saki, ta yi ta lilo maimakon ta tsaya nan take. Kamfanin Monroe na ba da shawarar a canza ta idan an ci kilomita 80,000, amma motar da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyukan Gummi da Bukkuyum ba ta jiran wannan lissafi. Ƙarar ƙwanƙwasa kuma ba kullum daga shokozoba take ba, sau da yawa bushin ne ko robar sama, don haka bakanike ya duba kafin a kashe kuɗi.

A kasuwa, ko a Gusau ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, hawa uku za ka tarar. Akwai sabuwa ta ainihi, ta Toyota ko ta kamfanoni irin su KYB na Japan da Bilstein na Jamus, ita ce mafi tsada. Akwai 'yar Beljiyam, wadda aka kwance daga wata motar, ba wanda ya san tafiyar da ta riga ta sha. Sai sabuwa mai araha, wadda kwalinta ya fi cikinta kyau. Akwai ma waɗanda ke huda matacciya su ɗura mata mai su fesa fenti. Idan 'yar Beljiyam za ka saya, duba sandar ko ta karce ko ta lanƙwashe, ka danna ta da hannu: mai lafiya tana turjewa, mai gas kuma tana dawowa da kanta a hankali. Tunda duk daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023, don haka tambayi shago biyu ko uku a rana ɗaya.

Lissafin bai ƙare a kan shokozoba ba. Biyu ake canzawa tare, dama da hagu, don sabuwa da tsohuwa ba sa riƙe mota daidai. Ƙara kuɗin robar sama, da robar da ke tare ƙura, da ladan bakanike, da alaimen bayan an ɗaura, in ba haka ba tayoyi ne za su biya bashin. Wajen kwancewa kuma a nemi mai na'urar matse sifirin, domin sifirin jif idan ya kuɓuce yana iya karya hannu ko ya yi kisa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan ƙafar mota abin ya fi ado, domin jif ɗin da ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa babban asibitin Anka, rayukan da ke cikinta sun dogara ne ga tayoyi huɗu da ke taka ƙasa. Mai mota ya sayi mafi ingancin da aljihunsa zai iya, ya kuma sa a leƙa ƙarƙashinta kafin damina ta sauka.